Waɗanda Dante Ya Zuba a Wuta, da Waɗanda Malamanmu Suka Ƙi Ambata

Lacca da aka gabatar a Akokan, cikin jihar Agadas

 

 Na san cikinku akwai waɗanda za su yi mamaki su ji cewa, duk da lamurran da suka dami garin nan tun ranar da aka rufe ramin haƙar yuraniyom na Akuta a ƙarshen watan Maris na 2021, ma'aikata suka fara ɗaure kaya, unguwanni suka fara yin shiru, ban sami abin da zan kawo muku ba sai waƙar wani Bature ɗan Italiya wanda ya fi shekara 700 a ƙarƙashin ƙasa. Ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku har in kai ƙarshe, domin an ce mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa, ku kuwa, in ana maganar dutse, babu wanda zai gaya muku komai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa da la'asar sakaliya a bakin ɗaya daga manyan ramukan da ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya leƙa ƙasa, ya ga yadda aka yanka dutsen hawa-hawa kamar matakalar soro, kowane hawa ya fi na samansa ƙunci, har manyan motocin nan da tayarsu ta fi tsawon mutum su koma kamar buzuzu yana tura kashi a can ƙarshe, to, ya riga ya ga siffar wutar da wannan sha'iri ya kwatanta, ko da bai taɓa jin sunansa ba. Ita ma wutar tasa rami ne mai faɗin baki, mai tsukakken gindi, hawa tara, yana gangarawa har tsakiyar ƙasa. Ya kuwa tsara shi da lissafi sosai, har a 1588 majalisar masana ta birnin sha'irin ta gayyaci masanin kimiyya Galileyo, yana saurayi, ya yi lacca biyu a kan siffar ramin da wurinsa da girmansa, kamar yadda injiniyoyinmu ke auna zurfin rami kafin a sa nakiya.

Sunan sha'irin Dante Aligiyeri. An haife shi a birnin Fulorans a 1265, ya rasu a Rabenna a 1321, shekara uku ke nan kafin Mansa Musa ya ratsa Masar a kan hanyarsa ta hajji, shekara 32 kuma kafin Ibn Baɗuɗa ya sauka Takadda, nan cikin jiharmu, ya rubuta labarin ma'adinin jan ƙarfe da ya gani. Ɗan siyasa ne tun kafin ya shahara da waƙa, domin a 1300 yana cikin shugabannin birninsu, a 1302 kuwa, bayan ɓangaren da Paparoma Bonifas na takwas ke goyon baya ya ƙwace mulki, aka yanke masa hukuncin kora, aka ƙara da cewa in ya kuskura ya dawo za a ƙona shi da ransa. Shekara 19 ya yi yana cin tuwon gidajen mutane, bai sake ganin ƙofar garinsu ba, cikin wannan zaman gudun hijira kuwa ya tsara waƙarsa, wadda Turawa ke kira Komediya, mai babi 100 da ɗango 14,233, ƴar uku-uku, wadda ya kasa kashi uku: wuta, da wurin tsarkake masu zunubi bisa aƙidarsu, da aljanna. Kashin wuta babi 34 ne, shi ne abin maganarmu a yau. Ku lura kuma da cewa bai tsara ta da Latin ba, wanda shi ne harshen malamai a wancan zamani kamar yadda Larabci yake a wurinmu, sai da harshen kasuwar garinsu, don dai matar da ke saƙa da ɗan dakon da ke bakin kogi su ji. Dalilin da ya sa Shehu Usmanu da ƴarsa Nana Asma'u suka yi wa'azi da Fulatanci da Hausa, alhali sun fi kowa Larabci, shi ne ya sa shi.

To, su wa ya tarar a cikin ramin nan? Ina ganin za mu iya kasa su jama'a uku. Jama'a ta farko su ne dodannin tatsuniyoyin Yunanawa da Rumawa, waɗanda ya ɗauko daga littattafan mutanen da, musamman littafin sha'irin Rumawa Birjil, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, wanda kuma Dante ya ɗauka a matsayin jagoransa a cikin tafiyar, yana kiransa malami, yana kiransa uba. Waɗannan dodanni ba ya yi musu kallon alloli kamar yadda kakannin Rumawa suka yi, sai ya mai da su ma'aikata, kowanne da aikin da aka ɗora masa. Akwai Karon, tsohon mai fito, da idanu kamar garwashi, wanda ke ƙetarar da rayuka a kwalekwale, yana maka wa mai nawa filafili. Akwai Minos, wanda a tatsuniya sarkin tsibirin Kirit ne, a nan kuwa alƙali, wanda idan rai ya gama furta laifinsa sai ya naɗe jikinsa da wutsiyarsa, adadin naɗin shi ne adadin hawan da za a jefa mai laifin. Akwai Sarbarus, kare mai kai uku, yana haushi a kan haɗamammu da ke kwance cikin taɓo. Akwai waɗansu rabi mutum rabi doki, riƙe da kwari da baka, suna kewaya kogin jini mai tafasa, suna harbin duk azzalumin sarkin da ya ɗago fiye da ƙa'idarsa. Wanda ya fi ba ni tsoro a cikinsu shi ne Jeriyon, alamar yaudara, wanda fuskarsa fuskar mutumin kirki ce, jikinsa na maciji, wutsiyarsa ta kunama, kowa a cikinmu kuwa ya taɓa gaisawa da irinsa a kasuwa. Can kusa da ƙarshe kuma, a tsakanin samudawan da ke tsaye a bakin rijiya ta ƙarshe, akwai wanda muka sani a ƙissoshin annabawa, wato Lamarudu, wanda Dante ya nuna yana surutun da babu mai fahimta, shi ma ba ya fahimtar kowa, sakamakon ginin da Attaura ta ce an yi a Babila har harsuna suka rarrabu.

Jama'a ta biyu su ne mashahuran mutanen tarihi da jaruman ƙissa, a nan ne kuma za ku ji sunayen da ba baƙi ba ne a zaurukan karatunmu. A hawa na farko, inda ya ce babu azaba sai dai ajiyar zuciya da yanke ƙauna, a cikin wani gida mai ganuwa bakwai da ciyawa shar, ya zaunar da mutanen kirki da ba su bi addininsa ba: Arisɗo, da Aflaɗun, da Suƙuraɗu, da Iƙilidis mai ilmin handasa, da Baɗalimus mai ilmin falaki, da Buƙuraɗu da Jalinus likitoci. A tare da su ya ambaci Musulmi uku. Na farko Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, wanda Turai ta yi ƙarnoni tana karanta littafinsa na likitanci. Na biyu Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a Marrakish a 1198, wanda mu muka sani da Bidayatul Mujtahid, su kuwa suka san shi da babban sharhin da ya yi wa Arisɗo. Na uku Salahuddin Ayyubi, wanda ya karɓe Baitul Muƙaddas daga hannun Turawa a 1187, wanda Dante ya nuna zaune shi kaɗai a gefe. Ku duba wannan lamari da kyau: mutumin da kakan kakansa ya mutu a yaƙin ƴan gicciye, bai iya hana kansa girmama wanda ya ci su da yaƙi ba, ko da yake iyakar girmamawar da aƙidarsa ta yarje masa ita ce ya ba shi mafi sauƙin masauki a gidan hasara.

Cikin wannan jama'a akwai ƴan Afirka, irin su Dido sarauniyar Kartaja, inda Tunis take a yau, da Kiliyobatara ta Masar, waɗanda guguwa ke yawo da su ba hutawa, kamar yadda sha'awa ta yi yawo da su a duniya. Akwai kuma Ulis, jarumin Yunanawa mai dabara, wanda ya ƙirƙiro makircin dokin katako da aka ci birnin Tarwada da shi, wanda Dante ya kulle cikin harshen wuta, ya kuma ƙago masa wata mutuwa da babu ita a littattafan da: wai da ya tsufa, ƙishirwar sani ta hana shi zama da iyalinsa, sai ya zuga abokan tafiyarsa suka wuce mashigin Jabal Ɗariƙ, suka bar Ishbiliya a dama, Sabta a hagu, suka nausa cikin babban teku wata biyar, har guguwa ta juya jirgin ta nutsar da su. Ban taɓa karanta wannan babi ba face na tuna da samarin da ke ratsa Agadas su nufi arewa, suna barin iyaye da mata, suna nufin wancan tekun dai da Ulis ya baro.

Amma jama'a ta uku su ne suka fi yawa, su ne kuma suka sa waƙar ta zama abin da ta zama, wato mutanen zamaninsa, ƴan garinsu da maƙwabta, waɗanda ƴaƴansu da jikokinsu ke raye suna jin ana rera sunan ubansu a kasuwa. Ga Farinata, shugaban ɓangaren da ya karya mutanen Dante a yaƙin Montaperti a 1260, yana miƙewa daga kabari mai cin wuta, daga ƙugu zuwa sama, kai a ɗage kamar wutar ba ta isa ya kalle ta ba, tambayarsa ta farko kuwa ita ce su wane ne kakannin baƙon, sa'an nan ya tuna masa cewa ran da aka yi shawarar rushe Fulorans shi kaɗai ya tsaya ya hana. Ga Faranceska ta Rimini, wadda mijinta ya kama ta da ƙanensa Pawulo ya kashe su duka biyu, tana ba da labarin yadda karatun wani littafin soyayya ya kai su ga abin da ya kai su, har tausayi ya sa Dante ya faɗi sumamme. Abin mamaki kuwa, sarkin da ya ba shi masauki a Rabenna a ƙarshen rayuwarsa ɗan ɗan'uwanta ne. Ga Burunetto Latini, malaminsa na ƙuruciya, a kan rairayi mai ƙuna, wuta na zuba masa kamar yayyafi, ɗalibin kuwa yana tafe a samansa da kai sunkuye don ladabi, yana gode masa da karatun da ya ba shi. Ga Ugolino na Pisa, wanda aka kulle a hasumiya tare da ƴaƴansa biyu da jikokinsa biyu har yunwa ta kashe su a 1289, yana cikin ƙanƙara yana gaigayar ƙeyar babban limamin cocin da ya kulle shi.

Na ce ƙanƙara, domin a wurin Dante ƙarshen ramin sanyi ne, abin da zai tuna muku da Zamharira da malamai ke ambata, a can ne kuma ya ajiye maciya amana, wanda ya ci amanar dangi, da na gari, da na baƙo, da na ubangidansa, har zuwa Iblis mai fuska uku yana tauna Yahuza, wanda Kiristoci suka ce ya ci amanar Annabi Isa, da Burutus da Kasiyus da suka kashe Yuliyus Kaisar. Ƙa'idar da ya bi a duk hawan nan ita ce wadda malamanmu ke cewa sakamako daga jinsin aiki yake: bokaye da ƴan duba, da suka yi da'awar ganin gaba, an murɗe musu wuya suna tafiya suna kallon baya; munafukai suna sanye da alkyabbu masu ƙyallin zinariya a waje, cikinsu kuwa dalma ce mai nauyi.

Wanda ya saba da hadisan Isra'i da Mi'iraji zai ji kamar ya san wannan hanya, masana ma sun daɗe suna jayayya a kai. A 1919 wani limamin coci ɗan Sifen, masanin Larabci, mai suna Migel Asin Palasiyos, ya wallafa littafi yana cewa Dante ya sha daga rijiyar Musulmi, Italiyawa da yawa suka tayar masa. A 1949 sai aka bayyana wani littafin Mi'iraji da aka fassara daga Larabci a fadar Sarki Alfonso na goma na Kastila, aka kuma juya shi zuwa Latin da Faransanci wajen 1264, shekara guda kafin a haifi Dante. Burunetto ɗin nan da muka ambata kuwa ya je wannan fada a matsayin jakada a 1260. Ko Dante ya karanta littafin da idonsa, ko labarinsa ya ji a bakin mutane, ko kuwa kamar ta zo ne daga tushen da addinan suka yi tarayya a kansa, har yau masana ba su haɗu a kan magana guda ba. Mu ma a adabin Larabci muna da wanda ya riga shi yin irin wannan yawo, wato Abul Ala'il Ma'arri, makahon sha'irin Sham da ya rasu a 1057, wanda a cikin Risalatul Gufran ya zaga da wani malami aljanna da wuta, ya zaunar da Zuhairu da Labidu a cikin ni'ima, ya bar Imru'ul Ƙaisi da Antara a ɗaya gefen, ana tattauna nahawu da lugga da su.

Sai dai akwai wani bambanci guda, shi ne kuma abin da na zo in faɗa muku a daren nan. A cikin hadisan da suka kwatanta masu azaba, idan Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambayi su wane ne waɗannan, amsar da ake ba shi a mafi yawan lokuta amsa ce ta aiki: waɗannan masu cin naman mutane ne da giba, ga su da faratan jan ƙarfe suna yagar fuskokinsu, waɗancan masu wa'azi ne da ba su aikata abin da suke faɗa, wancan mai cin riba ne. Ko matar nan da ta kulle kyanwa har ta mutu da yunwa, an gaya mana aikinta, ba a gaya mana sunanta ba. Waɗanda aka ambata da suna kuwa, irin su Fir'auna da Hamana da Ƙaruna da Abu Lahabi, nassi ne ya ambace su, ba ra'ayin wani mawaƙi ba. Dante kuwa, in ya tambayi wane ne wannan, sai a ba shi suna, da sunan uba, da unguwa, da ɓangaren siyasa.

Mawaƙan wa'azinmu a kan hanya ta farko suka tsaya. Ku tuna da Tabbat Haƙiƙa, wadda Shehu ya tsara da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa wajen 1831, ƙanenta Isa ya yi mata tahamisi. Waƙa ce da aka nufi jama'ar gida da ita bayan an sami nasara an kama mulki, ta lissafa mai neman sarauta don dukiya, da alƙalin da ke karkatar da hukunci, da mai ƙwace gonar talaka, da mai bautar da ɗa, ta yi wa kowannensu albishir da wuta. Ba za a ce waɗanda suka tsara ta ba su san masu aikata waɗannan abubuwa ido da ido ba, tun da a cikinsu suke zaune, amma suka bar sunaye a cikinsu. Haka Jan Mari da Baƙin Mari, da abin da Aliyu Namangi na Zariya ya kawo a cikin Imfiraji: za ka ji sarƙoƙi da kunamu da Zabaniyawa da Maliku mai tsaron wuta, za ka ji Jahannama da Laza da Huɗama har zuwa Hawiya, amma ba za ka ji an ce ga wane ɗan wane na unguwa kaza a hawa na kaza ba. Kada wani ya ce mini ai waƙoƙin jihadi sun ambaci abokan gaba da sunayensu, da zafin harshe ma. Haka ne, sun ambata, amma wancan fagen yaƙi ne, ni kuwa ina magana ne a kan waƙar da aka tsara don ta kwatanta gidan azaba da mazaunansa.

Wannan kamewa ba tsoron sarakuna ne ya kawo ta ba, aƙida ce. Ɗalibin da ya fara Risala ta Ibn Abi Zaid ya karanta tun a babin farko cewa ba a kafirta ma'abocin alƙibla saboda zunubi, Imamu Ɗahawi kuma ya rubuta a aƙidarsa cewa ba a yanke wa wani ayyanannen mutum daga cikinsu aljanna ko wuta. A Sahihu Muslim akwai labarin mutumin da ya rantse cewa Allah ba zai gafarta wa wane ba, sai aka gafarta wa wanen, aka ɓata aikin mai rantsuwa. Wannan mas'ala ma ta taɓa ratsa ƙasarmu ta Abzin, domin Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda Shehu ya biyo har Agadas don ya yi karatu a gabansa, yana da tsananin ra'ayi a kan masu manyan zunubai, har yana kai su ga kafirci, Shehu kuwa, duk da irin girman da yake ba malaminsa, ya rubuta ya saɓa masa a kan wannan, cikin ladabi, ya tsaya tare da jumhurin malaman Sunna.

Ina ɗan yaro, akwai wani makaho da kan tsaya a ƙofar gidanmu da safiyar Juma'a, sanda a hannu, ɗan jagora riƙe da ƙoƙo, yana rera waƙar wa'azi. Ina tuna wata rana da ya iso inda ake maganar masu tauye mudu, sai na ga kakata, wadda ke sayar da gero a cikin gida, ta ajiye muciya, ta yi shiru, ta share ido da bakin zanenta, ta shiga ɗaki ta fito da mudunta tana jujjuya shi tana duban gindinsa, inda ya ɗan lotsa. Washegari ta aike ni kasuwa na sayo sabo. Makahon nan bai san ta ba, bai ambaci kowa ba, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Da a ce ya kira sunan wata mai awo a unguwar, da kakata ta ce ai kuwa ta daɗe tana zarginta, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Wa'azin da bai kira suna ba kowa yakan laluba aljihunsa, wanda ya kira suna kuwa yakan mai da masu sauraro ƴan kallo.

Ku duba kuma inda kiran suna ya kai Dante. Bonifas na takwas bai mutu ba sai 1303, tafiyar kuwa an ce a 1300 aka yi ta, amma sai sha'irin ya sa wani paparoman da ya gabata, wanda aka dasa kai ƙasa ƙafafu sama cikin rami, ya yi zaton Bonifas ne ya iso tun kafin lokacinsa, wato an riga an gyara masa wuri. Wani mai suna Baranka Doriya na birnin Janawa kuwa, yana raye yana ci yana sha, Dante ya ce ransa ya riga ya faɗa ƙanƙara, shaiɗan ne ke yawo da gangar jikinsa. Daga nan har ya kai ga abin da ya fi kowane muni, domin a babi na 28 ya yi wa fiyayyen halitta, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Sayyidina Aliyu, Allah Ya ƙara masa yarda, ƙazafi da cin mutuncin da harshena ba zai maimaita ba. Jahilcin zamaninsa ne ya gada, zamanin da Turai ke ɗaukar Musulunci a matsayin ɓaraka da aka yi daga addininsu, ga kuma zafin faɗuwar Akka a 1291, lokacin yana ɗan shekara 26. Amma sanin dalilin kuskure ba ya mai da shi daidai. Malamin nan na Masar, Hasan Usman, da ya fitar da fassarar wannan kashi da Larabci a 1959, tsallake waɗannan ɗangwaye ya yi. Wanda ya ba kansa mabuɗin da ba nasa ba, ya fara da maƙiyansa na siyasa, ga inda ya ƙare.

To, me ya sa ban ce ku jefar da littafin ba? Domin hikima ɓatacciyar dabbar mumini ce, akwai kuma abu guda da mutumin nan ya iya wanda mu muka yi sakaci da shi. Ya iya riƙe fuskar mutum. Yaƙin Montaperti da rikicin Pisa da ɗaruruwan ƙananan mutanen Fulorans da tuni ƙasa ta shanye labarinsu, amma yau a kowace nahiya akwai ɗan makarantar da ya san yadda Farinata ke ɗaga kai, ya san muryar Faranceska, saboda wani korarre ya zauna ya rubuta su da harshen uwarsa. Garin nan namu ƙarami ne a shekaru: a 1974 aka kafa kamfanin haƙar yuraniyom na Kominak, a 1978 raminsa na Akuta ya fara ba da ma'adini, cikin ɗan wannan lokaci kuwa Hausawa da Abzinawa da Zabarmawa da Fulani da Barebari da Tubawa suka taru suka yi gari a inda da babu komai sai dutse da iska. Akwai mutanen da suka shekara 30 suna gangarawa mita 250 cikin ƙasa da fitila a goshi, akwai matan da suka yi ta jiran fitowarsu, akwai limaman farko da malaman makarantar farko da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin waɗanda ke zaune a nan. Yanzu suna watsewa, wasu Tawa, wasu Maraɗi, wasu Damagaram, wasu kuwa sun riga mu gidan gaskiya, in ba a rubuta su ba, nan da shekara 50 babu wanda zai san sun taɓa yin numfashi a nan.

Saboda haka, ya ku ɗalibai, ga aikin da zan bar muku. Ku je wurin dattawan nan tun suna da sauran ƙarfin magana, ku zauna a gabansu da takarda da alƙalami, ku rubuta sunayensu da garuruwan da suka fito, da abin da suka gani a ƙarƙashin ƙasa da samanta, da Hausa ko da Tamashek, da boko ko da ajami ko da tifinag. Wanda ya yi alheri ku rubuta alherinsa. Wanda ya yi zalunci ma, in kun tabbatar da hujja, ku rubuta abin da ya yi, domin tarihi shaida ne, ɓoye shaida kuwa laifi ne. Amma idan alƙalaminku ya iso bakin kabarin mutum, ku ɗaga shi, domin daga nan hukunci ya koma hannun Wanda ba a yi masa shisshigi, mu da muke rubutun kuwa babu wanda ya ga takardarsa tukuna.

Allah Ya tsare mu da iyayenmu daga azabar wuta, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a cikin aikin ramukan nan da wajensu, Ya buɗa wa waɗanda suka rasa abin yi wata ƙofar arziki ta halal, Ya sa mu cika da kyau da imani. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa nawa ne, ina neman gafararSa, ina kuma neman afuwarku.